Gandun Richmond: kyautar sarki ne, ko ƙwato shi aka yi?

Kawu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar na zaga gandun Richmond da jikokina, muka shiga ta Ƙofar Kingston muka fita ta Ƙofar Ham, kuma tun da na dawo magana ɗaya ke yi min yawo a rai. Fili kusan eka 2,500 a gefen Landan, garin da taku ɗaya na ƙasa ya fi ƙarfin talaka, ga bareyi wajen 600 suna kiwo abinsu, kuma babu mai tare ka a ƙofa ya ce kawo ko sisi. Na ce wa yaran su riƙa gode wa gidan sarautar Ingila, domin wurin nan kyauta ce da sarakuna suka yi wa talakawa. Sarki Charles na ɗaya ya kewaye shi a 1637, magadansa suka riƙe shi amana kusan shekara 400, ga shi yau kowa na shiga. Yaba kyauta tukuici.

Malama: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Ka yi min afuwa, da mu manya ka gaya wa da sai in yi shiru, amma tunda yara ne suka ji, ba zan iya barin maganar ta wuce ba. Ba kyauta ba ce.

A 1625 annoba ta ɓarke a Landan, Charles ya kwashi fadarsa ya koma Richmond. Ya ga tudun nan ya dace da farauta, ransa ya biya. To amma wurin ba kango ba ne. Gonakin mutane ne da makiyayar gari ta ƙauyukan Ham da Petersham da Mortlake da Roehampton da Kingston, inda talaka ke sakin saniyarsa ya kuma yi itacen girki. Sarki ya ce a sayar masa. Wasu suka yarda, wasu suka ce gadon iyayensu ne ba za su rabu da shi ba. Bai tsaya jiran amsarsu ba, ya sa magina suka fara jera tubali. Ka duba halin manomin da ya wayi gari ya ga katanga tana tahowa za ta raba shi da gonarsa. Me ya rage masa ban da ya karɓi abin da aka miƙo? Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, to a nan manyan na kusa da shi ne, har da Laud babban limamin Canterbury, suka ga abin zai jawo baƙin jini, shi kuwa ya ƙi ji. Katangar mil takwas ta rufe a 1637.

Kawu: Malama, na ji, kuma ban ƙaryata ki ba. Amma faɗi sauran. Ya biya kuɗin filayen. Ya bar ƙofofi. Ya bar wa masu tafiya a ƙasa hanyarsu ta ratsawa daga ƙauye zuwa ƙauye, ya bar wa matalauta ɗibar itace. Sarkin da ke da ikon rufe komai ya bar wannan, ba za a ce ya yi alheri ba?

Malama: Kawu, hanyoyin nan sun riga katangar. Kakannin mutanen suna bin su tun kafin a haifi Charles. Wanda ya karɓe gonarka ya bar maka turbar da za ka bi ta cikinta zuwa kasuwa bai ba ka komai ba, ya dai rage abin da ya ƙwace. Kuma ko wannan ɗin ba a bar musu ba har abada.

Direba: Ni tambaya ce da ni. Na yi shekara tara ina tuƙa bas mai lamba 85 daga Putney zuwa Kingston, kullum sai na bi ta Kingston Hill. Akwai wata ƙaramar ƙofar gandun a wajen da ake kira Ladderstile, wato ƙofar tsani. Na sha leƙawa ranar hutuna, ban ga tsani ba, ƙofa ce kamar kowace. Anti Malama, sunan yana da alaƙa da wannan rigimar?

Malama: Ka taɓo ainihin wurin. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Bayan an sare kan Charles a 1649 majalisa ta miƙa gandun ga hukumar birnin Landan, aka mayar wa ɗansa a 1660. An ci gaba da ratsawa ta tsanukan da aka jingina a katanga. Sai zamanin Robert Walpole, wanda ake lissafawa firaministan farko na Birtaniya. An naɗa ɗansa mai kula da gandun, shi kuwa uban ya mayar da wurin filin farautarsa. A lokacinsa aka fara cire tsanuka, aka zuba masu gadi a ƙofofi.

A 1751 riƙon ya koma hannun Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na biyu. Ita ta ƙarasa aikin. Ta rufe gandun ruf, ba mai shiga sai ƙawayenta da wanda ta ba tikiti. Mutanen gari suka kai koke, ko kallonsu ba ta yi ba. Wasu masu hali suka shigar da ƙara a 1754 suna neman a bar kekunan dokinsu su wuce, suka faɗi.

Sai wani mutumin Richmond mai suna John Lewis, mai gidan dafa giya a bakin kogin Thames. A 1755 ya ɗauki abokinsa ya zama shaida, suka je Ƙofar Sheen suka tsaya. Da aka buɗe wa wani keken doki mai tikiti, sai ya bi bayansa da ƙafa. Mai gadin ƙofar, wata mata Martha Gray, ta tare shi ta tura shi waje. Bai yi gardama ba, bai ɗaga hannu ba, ya bari aka fitar da shi, domin abin da ya zo nema ke nan. Ya kai ƙarar mai gadi, amma kowa ya san da wa yake shari'a. Kuma ya fi na farko wayo: bai ce a buɗe wa kekuna ba, ya tsaya kan abu ɗaya da ba ya musuntuwa, haƙƙin mai tafiya a ƙasa.

Aka yi ta jan shari'ar shekara uku. A 1758 aka zauna a Kingston gaban alƙali Michael Foster, Lewis ya yi nasara a kan 'yar sarki mai ci. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. An ruwaito cewa an tambaye shi, ƙofa yake so a huda a katangar ko tsani? Ya yi tunani ya ce tsani. Dalilinsa, ƙofa ana iya rufe ta, baƙo ya zo ya ga a rufe ya ɗauka ba shi da ikon shiga ya juya. Tsani kuwa kowa ya gan shi ya san an yi shi ne don a hau. A watan Mayu na shekarar aka kafa tsanukan, jama'a suka yi dafifi suka haura. Sunan da Direba ke gani a Kingston Hill daga irin tsanin nan ya samo asali, ƙofar da ke wurin yanzu daga baya aka yi ta.

Baban Yara: To yanzu Malama mai dafa giya kike so mu koya wa yaranmu a matsayin gwarzo? Ni wannan bai kwanta min ba. Gara a ce musu sarki.

Ustaz: Baban Yara, sannu. Ba sana'arsa ake yabo ba, kuma ba wanda ya ce a yi koyi da ita. Abin da ya tsaya a kai ake magana: an hana mutane hanyar da take tasu, ya fito ya nema musu ta hanyar shari'a, bai fasa katanga ba, bai doki mai gadi ba. Gaskiya ba ta zama ƙarya saboda bakin da ta fito. In za mu ba yara tarihi, mu ba su yadda ya faru. Idan muka musanya sunan wanda ya yi aiki da na wanda ya hana, mun zalunci mamaci, kuma mun koya wa yaran cewa adalci sai ga wanda muke so.

Baban Yara: Na karɓa, Ustaz. Amma dai zan faɗa musu sana'ar tasa ba abar sha'awa ba ce.

Malama: Wannan tsakaninka da 'ya'yanka ne. Abin da zan ƙara, mutumin bai ci ribar komai ba. Kasuwancinsa ya karye daga baya, ya tsufa cikin rashi, har sai da mutanen gari suka riƙa haɗa masa abin da zai ci. Ya rasu a 1792. Gimbiyar kuwa ta ajiye riƙon gandun 'yan shekaru bayan shari'ar ta koma Gunnersbury. A 2008, da abin ya cika shekara 250, aka kafa allon tunawa da shi kusa da Ƙofar Sheen. Kuma ba shi kaɗai ba ne a zamanin. A gandun Bushy da ke tsallaken kogi wani mai ɗinkin takalma, Timothy Bennet, ya yi irin wannan tsayuwar, har yau akwai turba a can da ake kira da sunan sana'arsa.

Kawu: Labarin ya taɓa ni, ban san shi haka dalla-dalla ba. Amma ku saurare ni, don ban sauka daga kan maganata ba.

Ku je ku tsaya a gefen Roehampton ku ɗaga kai. Dogayen benayen Alton da hukumar Landan ta gina a shekarun 1950 suna nan sun jeru har bakin katanga. Ku koma Kingston Hill, gidaje har jikin katanga. Sheen haka. Ham haka. Birnin ya taho kamar ambaliya ta kowace kusurwa, me ya tsayar da shi? Katangar Charles. Gonakin da Malama ke jimami, da an bar wa masu su, jikokinsu da tuni sun sayar wa magina, yadda aka yi da duk gonakin da ke kewaye. Ina gonakin Mortlake da ba su shiga katanga ba? Suna ƙarƙashin kwalta. Lewis ya buɗe hanya, na yarda. Amma da babu gandun, hanyar ina zai buɗe? Ko da niyyar sarkin ba don mu ba ce, amfanin ya zo mana ta hannunsa.

Auta: Kawu, Allah ya ja kwana, ni ƙarama ce a nan amma ina da amsar wannan, don unguwarmu ce. Ka fita ta Ƙofar Robin Hood, ka tsallaka babban titin A3, ina ka shiga? Filin Wimbledon. Fiye da eka dubu, babu katanga, babu sarkin da ya taɓa kewaye shi, kuma ba a gine shi ba. A 1864 mai ƙasar, Earl Spencer, ya nemi majalisa ta ba shi dama ya kewaye wani ɓangare ya sayar da wani don gini. Mazauna wurin suka tashi tsaye, aka yi shekaru ana fafatawa, a 1871 aka yi dokar da ta haramta kewaye shi ko gina shi, aka damƙa shi ga amintattu waɗanda yawancinsu mazauna unguwar ke zaɓa. Har yau haka ake yi, mu da ke kusa muna biyan wani ɗan ƙari a kan harajin gida don kula da shi. Ga fili biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da katanga ɗaya babu, duka sun tsira. Ashe ba tubali ne ke tsare fili ba.

Kawu: Auta, kin kawo hujja mai nauyi, Allah ya yi miki albarka. To amma ina garken bareyin Wimbledon? Babu. Barewa ba ta zama sai da katanga. Kuma bareyin nan su suka yi gandun yadda kike ganinsa. Su ke cinye 'yan itatuwa tun suna tsiro, shi ya sa filin yake a buɗe ido na cin nisa. Ki lura da ƙasan rassan manyan itatuwa, duk a daidaice kamar an sa almakashi, iyakar inda bakin barewa ke kaiwa ke nan. Cire katanga, bareyi su watse, a shekara talatin wurin ya zama kurmi.

Bari in gaya muku abin da ya ɗaure ni da wurin nan. Ina zaune a Norbiton lokacin guguwar Oktoban 1987. Da gari ya waye babu jirgin ƙasa, tituna duk rassa. Bayan kwana biyu na taka zuwa gandun. Na tarar da wani ƙaton itacen oak a kwance, saiwarsa ta ɗago ƙasa ta yi sama ta fi ni tsawo, ramin da ta bari ya tara ruwa. Wani dattijon Bature yana tsaye a gefe da hularsa a hannu, yana hawaye kamar an yi masa rasuwa. Ban san shi ba, bai san ni ba, muka tsaya tare mun fi minti goma ba wanda ya ce uffan. Tsakanin guguwar nan da ta 1990 itatuwa fiye da dubu suka faɗi, har akwai wani kurmi da aka dasa daga baya aka sa masa sunan guguwa biyun. Tun ranar nake jin duk wanda ya yi sanadin itatuwan nan suka kai wannan shekaru, yana bina godiya.

Malama: Kawu, wallahi labarin nan ya sa ni shiru na ɗan lokaci. Amma itatuwan da kake magana su ne manyan shaiduna. Mafi tsufansu sun girmi katangar da ɗaruruwan shekaru, akwai wanda ake ƙiyasta ya kai shekara 750. Ka dubi siffarsu: gindi ƙato gajere, sai rassa su fashe gaba ɗaya daga wuri guda sama da kan mutum. Ba haka oak ke tashi da kansa ba. Mutanen ƙauye ne ke sare kansa daidai inda dabba ba ta kaiwa, ya sake toho, su samu itace da abin gini, bayan wasu shekaru su sake sarewa. Wannan saran shi ke tsawaita ran itacen. Wasu kuma za ka gan su a jere cikin fili babu dalili, to tsohuwar iyakar gona ce, shingen ya mutu, su suka rage. Idan rana ta yi ƙasa da yamma, akwai wuraren da za ka ga tudun kunyoyin noma a ƙarƙashin ciyawa. Godiyar da kake ji gaskiya ce, ina dai roƙon ka raba ta, ka ba manoman da aka kora kasonsu.

Direba: Tunda ana gyara tarihi, ga wani. Tudun nan na lambun Pembroke Lodge, wanda ake kira tudun Sarki Henry, wani fasinja ya ce min a nan Henry na takwas ya tsaya yana jiran a harba alama daga Hasumiyar Landan cewa an sare kan matarsa Anne Boleyn. Na sha gaya wa baƙi haka.

Malama: Labarin ya yaɗu, amma babu wata shaida daga zamanin da ta nuna haka. An kashe ta a 1536, shekara ɗari kafin a yi gandun. Masana sun fi karkata ga cewa tudun tsohon kabari ne na mutanen da, tun kafin a fara rubuta tarihin ƙasar. Abin da yake tabbas shi ne hangen: ka sa ido a madubin hangen nesa da ke kan tudun, ta wata 'yar kafa da aka yanka a shinge, sai ga ƙubbar majami'ar St Paul daga mil goma.

Auta: Kuma ko hangen nan sai da aka yi faɗa a kansa. Doka ta hana a gina abin da zai tare shi, amma a 2016 aka wayi gari wani dogon bene da ake ginawa can Stratford ya ɓullo a bayan ƙubbar, ya ɓata sararin da ke kewaye da ita. Wa ya yi ta kuka? Ƙungiyar masoya gandun, wadda mazauna yankin suka kafa tun 1961 saboda damuwa da yawan motoci. Benen dai yana nan, ba a rushe ba. Ni abin da nake gani ke nan, Kawu: duk lokacin da wani abu ya taso wa wurin nan, mutanen unguwa ne ke fitowa.

Ustaz: Akwai abin da ban ji an ambata ba. Tun 1851 doka ta ɗauke kula da gandayen sarauta daga fada ta ba gwamnati, a 1872 majalisa ta yi dokar da ta tsara yadda jama'a za su yi amfani da su. Ke nan shekaru masu yawa da kuɗin haraji aka riƙa gyaran katangar da biyan ma'aikata, kafin a miƙa wa wata gidauniya a 2017. Ta wannan fuskar Malama ta yi gaskiya. Amma a takarda ƙasar har gobe ta sarauta ce, kuma Sarki Edward na bakwai da kansa ya sa aka buɗe yawancin kurmin da ke killace a farkon ƙarni na 20. Ta nan kuma Kawu yana da abin riƙewa. Sai dai ni kalmar kyauta ce ban yarda da ita ba, domin kyauta tana fita daga hannun mai bayarwa, wannan kuwa ba ta fita ba.

Direba: Kuma hukuma na iya karɓe wurin in ta ga dama. Lokacin yaƙin duniya na farko an gina asibitin sojojin Afirka ta Kudu a ciki. A na biyu aka zuba sojoji, aka nome wani ɓangare, har tafkunan Pen Ponds aka tsiyaye don kada matuƙan jiragen Jamus su gane hanya da su. Barikin da ke kusa da Ƙofar Kingston a nan aka sauke 'yan wasan Olamfik na 1948, bai tashi ba sai tsakiyar shekarun 1960.

Kawu: An karɓa, amma an mayar. Ina barikin yau? Ciyawa ce.

Goggo: Ina ta karanta ku tun safe ban sa baki ba, don ni ba karatun tarihi na yi ba. Amma Malama, akwai guntun labarin tsanin nan da na taɓa ji wajen wata mai yi wa baƙi jagora, ki gyara min in na yi kuskure. Wai da aka tilasta wa gimbiyar kafa tsani, sai ma'aikatanta suka yi matakan da tazara mai nisa, yadda sai ƙaƙƙarfan namiji zai iya hawa. Lewis ya koma wajen alƙali, alƙalin ya ce shi ma ya gani, a sake su yadda yara da tsofaffi, har da tsofaffin mata, za su iya haurawa.

Malama: Haka aka ruwaito, Goggo. Ba ki yi kuskure ba.

Goggo: To ni nan ne maganar ta same ni. Shekara biyun ƙarshe na marigayi maigidana, Allah ya ji ƙansa, ba ya iya tafiya. Kowace Laraba nakan sa shi a mota in kai shi wurin ajiye motoci na kusa da Pen Ponds, in tura kekensa mu gangara. Turbar tsakuwa ce, keken na ƙugi, hannuna na zafi. Mukan tsaya tsakanin tafkunan biyu, in rufa masa bargo a gwiwa. A watan Oktoba, lokacin barbarar bareyi, in hazo ya sauka ba ka ganin komai, sai dai ka ji kishimi yana ruri daga cikin ciyawa kamar sa, wani ya amsa masa daga can nesa. Tsiryoyin nan koraye suna ta ƙara a sama. Mutumin da ya kwana yana nishi sai in ga fuskarsa ta saki. Ranar ƙarshe da muka je bai yi magana ba sam, ya dai riƙe hannuna yana kallon ruwa.

Yanzu ni ce gwiwa ta hana. Tun 2020 aka rufe wasu hanyoyin mota a ciki, na san dalilin, kuma na ga yadda yara ke yawo da kekuna hankali kwance. Ban ce a mayar da wurin titi ba. Amma wata rana na yi kuskuren hanya ina juyawa a hankali, wani mai tseren keke ya buga min gilashi ya ce irinmu ba mu da abin yi a nan da mota. Na koma gida ban fito ba. Shi ya sa ba na jin daɗin a ce wa yara kyauta ce. Wanda aka yi wa kyauta ba ya iya cewa matakin nan ya yi min nisa, sai dai ya yi godiya ya koma gefe. Ni ina so in iya faɗa.

Ustaz: Allah ya ji ƙan Alhaji, ya sa ya huta. Goggo, abin da mutumin nan ya yi miki bai dace ba ko kaɗan.

Auta: Amin. Goggo, akwai ƙaramar bas ta kyauta da masu aikin sa kai ke tuƙawa a cikin gandun a watannin da ba na sanyi ba, tana tsayawa a wuraren ajiye motoci da kusa da lambun Isabella. Zan duba miki ranakunta. In kuma ba ta yi miki ba, ni zan riƙa kai ki.

Kawu: Allah ya gafarta wa ɗan'uwana. Goggo, ban san an yi miki haka ba, kuma raina ya ɓaci.

Ga inda na tsaya. Maganar katanga ban janye ba. Har yanzu ina ganin ba don ita ba da babu bareyi, kuma ban tabbata mutanen 1637 za su iya abin da mutanen Wimbledon suka yi a 1871 ba, zamanin ba ɗaya ba ne. Amma na gaya wa jikokina rabin labari, wannan kam na yarda. Zan kira su in ce musu sarki ya gina katanga don kansa, wani talaka ya sa aka jingina mata tsani don kowa.

Malama: Kawu, na gode da wannan. Saura manoman Ham da Mortlake, su ma a ambace su.

Kawu: Ke za ki ambace su da bakinki. Asabar mai zuwa ƙarfe goma, mu haɗu a Ƙofar Sheen, ki nuna mana allon Lewis, sannan ki kai mu wajen itatuwan nan da kika ce suna jere a kan iyakar gona. Ina so in gani da idona.

Direba: Ina ciki. Ku dai tuna Nuwamba ce, lokacin rage yawan bareyi, ana kulle ƙofofi da daddare har zuwa safiya. Kada kowa ya yi shirin kaiwa dare. Masu zuwa da yara kuma a ja musu kunne, mita 50 tsakaninsu da barewa.

Goggo: Akwai wurin ajiye mota kusa da allon?

Auta: Akwai, Goggo, daga shiga ƙofar ne. Zan zo in ɗauke ki tara da rabi, zan taho da kujerar naɗewa.